Firintar 3D tana yanke fitar da roba a tsakiyar aiki, abin da ta buga kuma yana fitowa da gashi

Mai tambaya, daga Nima:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan sana'a. Ina da ƙaramar firintar 3D a gida, wato na'urar da take gina abu hawa-hawa da narkakkiyar roba, irin wadda injin tura zare yake zaune a gefe, zaren robar ya bi ta cikin farin bututun PTFE kafin ya isa kan da yake narkar da shi. Nozul ɗinta, wato ɗan bakin da narkakkiyar robar take fita ta ciki, na tagulla ne mai faɗin milimita 0.4, zaren da nake sawa kuma na robar da ake kira PLA ne, mai kaurin milimita 1.75. Abin da nake bugawa bai wuce mariƙin waya da maƙalin mabuɗi da ƙananan murafai da masu gyaran waya na unguwar Circle a nan Akra suke nema ba.

Tun da damina ta kankama aikin ya sauya. Da farko abin da na buga ya fara fitowa da siraran zaruruwa tsakanin sassansa kamar yanar gizo-gizo, jikinsa ya yi kaushi, wani lokaci kuma ina jin ƙaramar ƙara tana fita daga bakin nozul. Domin maganin wannan gashin na ƙara yawan janye zare, wato yadda injin yake ja da zaren baya idan kan zai tsallaka zuwa wani sashe, a cikin Cura, manhajar da take tsara wa firinta aiki, har zuwa milimita 8, na kuma ɗaga zafi daga digiri 200 zuwa 215. Gashin ya ɗan ragu, amma sai wata matsala ta bullo wadda ta fi ta farko ciwo: aiki yana farawa lafiya, bayan kamar sa'a ɗaya injin tura zare ya fara ƙas-ƙas, robar ta daina fitowa, kan na'urar ya ci gaba da yawo a iska. Na sauya nozul, ba ta sauya zane ba. Na'urar tana cikin kabad mai ƙofa saboda ƙura da kuma yara. Shin kan narkarwar ne gaba ɗaya ya lalace har ya kamata in sayi sabo, ko akwai abin da zan duba tukuna?

Amsa daga wani mai gyaran na'urori a Aboabo, Kumasi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayi komai yanzu. A bayaninka akwai abin da ya nuna mini cewa nozul ba shi da laifi, wato yadda aikin yake tafiya daidai na tsawon sa'a guda kafin ya tsaya. Nozul da datti ya toshe tun daga hawan farko yake nuna kansa. Toshewar da take jiran na'ura ta daɗe tana aiki, zafi ne yake hawa sama zuwa inda bai kamata ya kai ba.

Kan narkarwa yanki biyu ne. A ƙasa akwai dunƙulen ƙarfen da yake kai digiri 200, a sama kuma akwai ƙarfe mai tsage-tsage wanda ƙaramar fanka take hura wa iska domin zaren ya kasance da taurinsa har ya iso bakin wuta. PLA yana fara laushi tun daga wajen digiri 60, saboda haka ba a bukatar zafi mai yawa a yankin sama kafin zaren ya kumbura ya cika bututu. Kai kuwa ka haɗa abubuwa uku da suke taimaka wa juna. Kabad ɗin da ka rufe yana tara zafin farantin da ake buga aiki a kansa da na kan narkarwa, fankar tana hura iska mai ɗumi a ɗakin da dama yake da zafi irin na Akra. Ɗaga zafi zuwa 215 ya ƙara wa yankin sama nauyi. Na uku, wanda a ganina shi ne babba, janye zare na milimita 8 yana jawo narkakkiyar roba sama zuwa yankin sanyi sau ɗaruruwa a aiki guda, a hankali ta daskare a can ta zama toshi. Na'ura mai dogon bututu irin taka yawanci tsakanin milimita 4 zuwa 6 take so, waɗanda injin turawarsu yake zaune a kan narkarwa kuwa ba sa wuce milimita 2.

Ga yadda za ka tabbatar. Idan ta sake tsayawa, ka zare zaren da hannu yayin da kan yake da zafi, ka dubi ƙarshensa. In ka ga ya yi dunƙule mai kauri fiye da sauran zaren, to ko dai zafi ya hau, ko kuma akwai rata tsakanin ƙarshen bututun PTFE da bayan nozul. Wannan ratar ita ce abin da sauya nozul yake yawan haifarwa, domin mutane da yawa suna ɗaure sabon nozul da sanyi ba tare da sun sake danna bututun ƙasa ba, sai roba ta narke ta cika wurin. Gyaran yana son natsuwa. Ka ɗumama kan zuwa digiri 220, ka riƙe dunƙulen ƙarfen da sifana domin kada ya juya ya tsinke siraran wayoyin ma'aunin zafi, ka kwance nozul, ka zare bututun. Idan ƙarshensa ya yi baƙi ko ya tsuke, ka yanke wurin da reza, yanka miƙaƙƙe ba karkatacce ba. Sannan ka mayar da nozul har ƙarshe, ka sassauta shi da kusan juyi ɗaya, ka danna bututun har ya dunguri bayansa, ka kulle maƙalin da yake riƙe bututun, sai ka ɗaure nozul da zafinsa. Da haka nozul zai matse bututun, ratar ta rufe. Ka kula da yatsunka, wannan zafin yana ƙona fata nan take.

Bayan haka ka buɗe ƙofar kabad duk lokacin da take aiki, ka tabbata ƙaramar fankar tana juyawa da ƙarfi, ka goge ƙurar da ta taru a kanta. Idan ta gaji, irinta tana samuwa wajen masu sayar da kayan lantarki, sai dai ka duba ko ta bolt 12 ce ko ta 24 kafin ka biya kuɗi.

Amsa daga wata malamar koyar da fasaha a Madina, Akra:

Malam na Aboabo ya yi bayanin toshewar yadda ya kamata, amma ina so in koma ga asalin ciwon, domin idan ba a magance shi ba, da zarar an mayar da janye zare zuwa milimita 5 gashin zai dawo, ɗan'uwanmu kuma ya sake shiga halin da ya sa shi taɓa ma'aunan tun farko. Gashi da kaushin jiki da ƙaramar ƙarar da kake ji a bakin nozul, duk alamar zare ne da ya sha laima. Ruwan da ya shiga jikin robar yana zama tururi idan ya isa wuta, ya fashe, ya tura robar waje ko da injin ya janye ta. Babu ma'aunin Cura da yake hana tururi fitowa.

Mu da muke bakin teku wannan ita ce matsalarmu ta kullum, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma ƙaramar damina ta Satumba da Oktoba. Naɗin da aka buɗe aka bar shi a kan na'ura yana iya lalacewa cikin 'yan makonni. Gwajin yana da sauƙi: ka ɗaga kan sama, ka tura zare a iska, ka dubi abin da yake saukowa. Busasshen zare yana fitowa sumul da sheƙi, mai laima kuwa yana fitowa da ƙananan kumfa. Wata alamar ita ce zaren ya riƙa karyewa idan ka lanƙwasa shi kaɗan.

PLA ana busar da shi a digiri 45 zuwa 50 na tsawon sa'a 4 zuwa 6. Idan ba ka da na'urar busarwa, farantin firintar ma ya isa: ka ɗora naɗin a kansa, ka saita shi a digiri 50, ka kife kwali a kai bayan ka huda masa 'yan ƙofofi a sama domin laimar ta fita, ka juya naɗin a tsakiyar lokacin, kuma ka kasance a gida har a gama. Ba na ba da shawarar tandar girki, domin zafinta yana tsallake abin da aka saita, naɗin gaba ɗaya ya manne wa juna. Haka nan shanya shi a kan kwanon rufi da rana, wanda na san wasu suna yi, yana iya kai shi ga laushi. Bayan ya bushe, ka ajiye shi cikin roba mai murfin da ba ya shigar da iska, tare da ƙwayoyin silika masu tsotse laima da yawa. Ɗan ƙullin da yake zuwa cikin kwalin zare ya riga ya ƙoshi da ruwa, ba zai tsare maka komai ba sai an sake gasa shi.

Amsa daga wani ɗalibin injiniya a Asawase, Kumasi:

Ina tare da Malam da Malama, sai dai ban yarda a ɗora duk laifin a kan digiri 215 ba, domin PLA da yawa an rubuta a jikin naɗinsu cewa suna aiki daga 190 zuwa 220, kuma wani zaren ya fi son sama. Abin da zan ƙara shi ne, Yaya, ka duba injin tura zaren kansa. Duk lokacin da ya yi ƙas-ƙas, haƙoransa suna gurzar zaren, garin roba ya cika tsakaninsu, daga nan ko an buɗe toshewar ba zai kama zare da kyau ba. Ka goge shi da ƙaramin buroshi. Idan hannun da yake matse zaren na roba ne, ka kwance shi ka dubi ƙasansa, domin yakan tsage a inda ido ba ya gani.

Sai maganar wuta. Idan dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya same ka a tsakiyar aiki, fanka tana tsayawa alhali dunƙulen yana da zafinsa, zafin ya hau ya narkar da zaren a sama. Haka ma idan mutum ya kashe na'ura da zarar aiki ya ƙare. Ka jira ma'auni ya sauko ƙasa da digiri 50 kafin ka kashe.

Mai tambaya, daga Nima:

Allah ya saka muku da alheri. Na zare zaren kamar yadda Malam ya ce, ƙarshensa kuwa dunƙule ne, bakin bututun ma ya yi baƙi. Na yanke shi, na ɗaure nozul da zafi, na mayar da janye zare zuwa milimita 5 da zafi zuwa 205, na busar da naɗin a kan faranti, ƙofar kabad kuma a buɗe. Aiki mai tsawo ya kammala ba tare da tsayawa ba, gashin ma ya kusa ɓacewa. Abin da ya rage shi ne, a wasu hawa layin robar yana fitowa siriri da 'yan ramuka, hawan farko kuma ba ya kama faranti a kusurwa ɗaya. Shin waɗannan biyun abu ɗaya ne?

Amsa daga mai gyaran na'urori a Aboabo:

Alhamdu lillahi. Ba abu ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Siririn layin yana nuna akwai sauran ƙonanniyar roba a cikin nozul. Ka ɗumama zuwa digiri 210, ka cire bututun daga wajen injin turawa, ka tura zare da hannu har ya fito, ka kashe zafin, idan ma'auni ya sauko wajen digiri 90 sai ka ja zaren da ƙarfi a tashi ɗaya. Zai fito da siffar cikin nozul, dattin yana manne a jikinsa. Ka maimaita har ƙarshen ya fito tsaf. Idan siririn layin bai tafi ba, ka auna milimita 120 a jikin zare daga inda yake shiga injin, ka sa alama, ka umarci na'urar ta tura milimita 100. Ya kamata a rage milimita 20 cif. Idan ya fi haka, injin yana tura ƙasa da abin da aka ce masa, ko dai saboda hannun da ɗalibinmu ya ambata, ko saboda ma'aunin takunsa, wato yawan juyin da yake yi domin tura kowace milimita, yana bukatar gyara.

Kusurwar da ba ta kamawa kuwa, tun da ka kwance nozul ka mayar, tsayinsa ya ɗan sauya. Ka ɗumama faranti zuwa digiri 60, ka sa farar takarda tsakaninsa da nozul a kusurwa huɗu da tsakiya, ka juya notin da yake ƙarƙashin farantin har takardar ta riƙa ja kaɗan, ka zagaya sau biyu domin kowace kusurwa tana taɓa 'yar'uwarta. Ka wanke farantin da sabulun wanke kwano ko ka goge shi da sifirit, domin maiƙon yatsa kaɗai yana hana roba kamawa, ka kuma rage gudun hawan farko zuwa milimita 20 a daƙiƙa. Idan hunturu ya shigo a Disamba laima za ta ragu, ƙura ta maye gurbinta, saboda haka ka huda ɗan guntun soso ka zura zaren ta ciki kafin ya shiga injin turawa, ka riƙa sauya shi idan ya yi datti.