Neman kalma: me za mu kira “afametif akshin” da Hausa?

Jama'a, barkanmu da war haka. Ina neman gudummawar masu Hausa a baki, musamman abokan aikina masu fassara labarai a gidajen rediyon Kano. Akwai wasu kalmomin Turanci biyu da ke tafiya tare, waɗanda 'yan boko ke furtawa “afametif akshin”. Duk sanda aka tayar da zancen mata da siyasa sai sun fito a takardar labari. Abin da muka saba yi shi ne mu kewaye su, mu ce “batun bai wa mata kashi 35 cikin 100”. To 35 ɗin adadi ne kawai. Shi abin, mene ne sunansa?

Ga ma'anar, don kowa ya san abin da ake farauta. Mataki ne da hukuma ke ɗauka da gangan, ta ware wani kaso na aiki ko karatu ko muƙami ga wani rukunin jama'a da aka daɗe da bari a baya, har su kamo sauran. Daga Amurka kalmar ta yaɗu, bayan wani umarni da Shugaba Kennedy ya sa wa hannu a 1961 kan hana wariya wajen ɗaukar aiki. A wurinmu kuwa mata ta fi liƙe wa. Taron mata na duniya da aka yi a Beijin a 1995 shi ya yayata kashi 30, manufar da gwamnatin tarayya ta fitar a 2006 ta ce 35, sannan a watan Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta umarci gwamnati ta cika wannan alkawari a naɗe-naɗenta.

Sharaɗina biyu ne. Ta shiga kanun labarai ba tare da mai karatu ya shaƙe ba, kuma tsohuwa a Yakasai da rediyonta a gefen tabarma ta ji ta gane, ba sai an kira jika ya yi mata bayani ba.

Wani ɗalibi daga Kabuga: Anti, ai an riga an gama wannan. “Daidaiton jinsi” ake cewa, ko'ina haka nake gani.

Mai tambaya: Ƙanena, wannan wata kalmar ce daban. Daidaito shi ne inda ake son zuwa, abin da nake nema kuma sunan hanyar ne. Kuma ko da ita ce, ba zan sa “jinsi” a bakin mai karanta labarai ba. Da can kalma ce mai zaman kanta, ana cewa jinsin mutane, jinsin tsuntsaye, a ajin nahawu ma jinsin namiji da na tamata. Amma tun da aka yi ta ambaton “auren jinsi” lokacin dokar da ta haramta shi a 2014, kunnen Bakano ba ya jin kalmar ita kaɗai. Ka faɗe ta a shirin kiran waya ka gani. Kafin ka kai ƙarshen jimla wani ya bugo yana a'uziyya, shi kenan zancen kujerar majalisa ya mutu.

Wani malamin Islamiyya daga Gwale: Malama, “daidaito” ma ki ajiye ta. Da kin ce a daidaita mace da namiji, abin da zai fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne rabon gado da shaida da limanci. Ki ce “adalci ga mata”. Babu Musulmin da zai yi jayayya da adalci.

Mai tambaya: Allah ya gafarta Malam, kan daidaito ina bayanka, tarihi ma yana bayanka. Ƙudirin daidaita dama tsakanin mata da maza da Sanata Biodun Olujimi ta kai Majalisar Dattawa an kayar da shi a watan Maris na 2016, ta sake kawo shi a Disambar 2021 aka sa ta jingine shi, kuma cikin abin da wasu sanatocin Arewa suka tsaya a kai har da wannan kalma ta daidaito. Sai dai “adalci” ta yi faɗi da yawa. Matar da aka hana sadakinta adalci take nema, wadda aka kora daga aiki don ta haihu ita ma adalci take nema. In na ce “majalisa ta yi watsi da ƙudirin adalci ga mata”, ban gaya wa kowa abin da ke cikin ƙudirin ba, kuma na yanke wa majalisar hukunci a cikin labari, abin da edita ba zai bari ya wuce ba.

Wata Hajiya 'yar siyasa daga Fagge: Duk abin da za ku zaɓa, don girman Allah kada na ji “alfarma”, kada na ji “tallafi”. Na ji wani a rediyo yana cewa “alfarmar da za a yi wa iyayenmu mata”, sai da na kashe rediyon. Alfarmar me? Ranar zaɓe ku je kowace rumfa a Fagge ku dubi layi. Tun da sanyin safiya muke fitowa, mai goyo da mai ciki, tsohuwa da kujerarta 'yar tsugunno, katin zaɓe a ɗaure a bakin zani. Mu ne masu shiga gida-gida inda namiji ba ya shiga. Amma ranar da za a fitar da ɗan takara, sai a sa taro ƙarfe ɗaya na dare a falon wani babba. Wace matar aure ce za ta je? Da safe a kira shugabar mata a ce an yi maslaha, ga atamfa a raba, ga taliya da sabulu. Wannan shi ne tallafi, mun san shi, mun ƙoshi.

Mai tambaya: Ranki ya daɗe, an soke su biyun. “Rangwame” fa? Wani ya turo min ita ta bayan fage.

Hajiya: Rangwame ai an daɗe ana yi mana. A 2022 fam ɗin takarar Majalisar Wakilai a APC naira miliyan 10 ne, na sanata miliyan 20, aka ce mata su biya na nuna sha'awa kawai. Mun gode. Amma daliget ba ya rangwame.

Wani ɗan kasuwa daga 'Yankaba: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma me zai hana a ce “gyara”? In kin sayi kwanon tumatir, mai kaya ya ɗebo uku ko huɗu ya ɗora miki a kai. An ba ki haƙƙinki, an ƙara miki.

Mai tambaya: Alhaji, wallahi kalmar ta yi min daɗi a baki, gajeriya ce kuma tamu ce. Matsalar ita ce gyara sai an cika mudu ake yin ta, kuma ganin damar mai kaya ce, ranar da ransa ya ɓaci ya hana. A nan kuwa mudun ne bai cika ba. Ga kuma rikici a kanun labarai: “gyaran tsarin mulki kan gyarar mata”. Mai sauraro zai ɗauka shirin kwalliya aka koma.

Wani Bamaraɗe mazaunin Kurna: Mu can “kota” muke cewa, kowa ya gane. Tun shekarar 2000 Nijar ta yi dokar, kashi 10 a kujerun zaɓe, 25 a naɗi. Aka ɗaga na zaɓe zuwa 15 a 2014, a 2019 aka mai da shi 25, na naɗi 30.

Mai tambaya: Madalla da wannan. “Kota” muna jin ta a nan ma, amma ga “kaso” tamu, me zai kai mu aro? “Kason mata” ta zauna daram in ana maganar adadin. Sai dai reshe ɗaya ce. Ƙudirin da Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya jagoranta, wanda ya tsallake karatu na biyu a 2024, ba kaso ya yanka daga kujerun da ake da su ba. Sababbi ya nemi a ƙirƙira: a yadda aka gabatar da shi, 37 a Majalisar Dattawa, 37 a ta Wakilai, uku-uku a majalisar kowace jiha, mata kaɗai su yi takararsu. Waɗannan “keɓaɓɓun kujeru” ne, irin na Ruwanda, inda aka keɓe wa mata 24 cikin kujeru 80 na majalisar wakilai. Ina neman uwar da ta haifi kaso da keɓaɓɓun kujeru duka.

Wani injiniya daga Hotoro: Ku kira shi da sunansa na gaskiya, “son kai”. Wadda ta isa ta fito ta nemi ƙuri'a kamar kowa. Cancanta ita ce magana.

Mai tambaya: Yallaɓai, ra'ayinka ne kuma ba kai kaɗai ba, a ranar 1 ga Maris 2022 'yan majalisar tarayya sun kayar da ƙudirori biyar da suka shafi mata, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Amma bari na tuna maka wani abu. A tsarin shiga jami'o'in tarayya, kashi 45 ne na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 kuma na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, kuma Kano tana cikinsu. Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce a raba muƙaman tarayya yadda wani yanki ba zai mamaye ba. Dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a farkon 2019 ta ware musu kashi 5 na aikin gwamnati. Duk abu ɗaya ne da wanda muke nema wa suna. In ɗan Kudu ya kira kason jami'a son kai, mu ne kan gaba wajen yi masa bayanin yadda boko ya riga isa Legas da Abekuta. To matan Kudu sun yi zaɓen tarayya na 1959, matan Arewa kuwa sai a 1976 aka ba su ƙuri'a, babban zaɓensu na farko shi ne na 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan tun zamanin NEPU, jam'iyyar da aka kafa a nan Kano a 1950. Shi ya sa ma nake son kalmar da ba ta mata kaɗai ba. Mai adawa da abin ya yi adawarsa, amma ya san da me yake adawa.

Wata malamar Hausa mai ritaya daga Ƙofar Mata: 'Yata, tun ɗazu nake karanta ku. Kin faɗi kalmar da kanki ba ki lura ba, da kika ce mudu bai cika ba. Ku ce “cike giɓi”. Ku dubi yadda Bahaushe ya raba giɓi da wushirya. Dukansu fili ne tsakanin haƙora, amma wushirya halitta ce, har ado ake yi da ita, ba mai neman maganinta. Giɓi kuwa wuri ne da ya kamata a ce akwai haƙori, babu. Da kin ce giɓi, kin riga kin ce akwai abin da ya ɓace, ba ki zagi kowa ba, ba ki ce wane ne ya fasa bakin ba. Kuma aikin yana da ƙarshe, ranar da giɓi ya cike an gama.

Mai tambaya: Mama, Allah ya ƙara girma. Wannan ta ƙarshen ita ta fi kama ni, domin shi kansa ƙudirin keɓaɓɓun kujerun an rubuta a sake duba shi bayan shekara 16, ba na har abada ba ne. Giɓin kuma ba sai an yi dogon bayani ba. Zaɓen 2023 mata uku ya kai Majalisar Dattawa mai kujeru 109, kotu ta ƙara ta huɗu daga baya. A Majalisar Wakilai mai 360 ba su kai 20 ba. A nan gida, sanatoci uku, 'yan Majalisar Wakilai 24, 'yan majalisar jiha 40, babu mace ko ɗaya.

Injiniya: Wasunmu dai wushirya muke gani.

Malama mai ritaya: To ka ga amfanin kalmar, ɗana. Yanzu kai da ita kun san takamaimai inda kuka saɓa.

Wani abokin aiki, mai karanta labaran yamma: Ni matsalata ta baki ce. Muna da “zaɓen cike gurbi”, in ɗan majalisa ya rasu ko ya sauka. Giɓi da gurbi a rediyo, ga ƙarar janareta, ga mai sauraro a cikin adaidaita sahu, wa zai bambance? Sannan masu kasafin kuɗi sun riga mu, kullum gwamnati na ciwo bashi don “cike giɓin kasafi”.

Mai tambaya: Gaskiyarka, shi ya sa ba za mu sake ta tsirara ba. A sa mata “mataki” a gaba, a faɗi masu giɓin a baya. Gwada waɗannan da bakinka:

“Kotu ta umarci gwamnatin tarayya ta aiwatar da matakin cike giɓin mata a muƙamai.”

“Ƙungiyoyin mata a Kano sun nemi jam'iyyu su ɗauki matakan cike giɓi kafin zaɓen fid da gwani.”

“Kason kashi 20 na shiga jami'a matakin cike giɓin ilimi ne.”

Ta uku ce gwajin gaske, kuma ta wuce. Saboda haka ga abin da zan kai teburin edita: uwar kalma “matakin cike giɓi”, adadin a ce “kason mata”, sababbin kujerun kuma “keɓaɓɓun kujerun mata”.

Abokin aiki: Na karanta su da ƙarfi. Ta farko tana da tsawo, amma numfashi ɗaya ya ɗauke ta. Sai dai “giɓin mata a muƙamai” ya fi daɗi in aka ce “giɓin wakilcin mata”, kada wani shaƙiyyi ya bugo waya ya tambaya ko likitan haƙori za a ɗauko.

Mai tambaya: An karɓa. “Matakin cike giɓin wakilcin mata” a farkon labari, daga nan “matakin cike giɓi” kawai.