Me zan haɗa da tsohon IC-718 don in fara FT8?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata biyu da samun lasisin rediyon sha'awa (amateur radio), kuma da rediyon Icom IC-718 nake aiki, wanda na saya na hannu. Eriyata ta waya ce ta zangon mita 20, na ɗaure ta tsakanin darbejiya da ƙarfen tankin ruwa. Hira da murya tana ba ni wahala, domin unguwarmu cike take da inbata da janareto, da magariba ta yi ba abin da ake ji sai shuu. Shi ya sa nake son komawa FT8, wato hanyar tura gajerun saƙonnin rubutu daga kwamfuta ta rediyo, wadda ke aiki ko sigina ta yi rauni. Shin in sayar da rediyon in cika in sayi IC-7300, tunda shi waya ɗaya ta USB ke kai sauti da umarni, ko in nemi ƙaramin akwatin da zai haɗa wannan da kwamfuta? Da batir da sola nake aiki, wuta ba ta zama.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka rabu da rediyon nan. A bayansa akwai soket mai ƙafa 13, a nan sauti ke shiga ya fita, ga kuma ramin CI-V na sarrafa shi daga kwamfuta. Ni SignaLink USB nake amfani da shi shekara da shekaru. Abin da ya sa na riƙe shi, akwai ƙananan tiransifoma a ciki masu raba rediyo da kwamfuta, ƙugin caja ba ya bin waya ya shiga siginarka. Sai dai shi ba ya canja maka zango, da hannu za ka juya zuwa 14.074 MHz, inda ake FT8 a zangon mita 20, ko ka sayi wayar CI-V daban.

Inda nake so ka kula shi ne zafi. FT8 ba kamar murya ba ne da ke hawa tana sauka. Cikin kowane zagayen turawa na sakan 15, kusan sakan 13 rediyo na turawa ba hutu. A watan Afrilu, cikin ɗaki mai rufin kwano, wat 100 zalunci ne ga na'ura, kuma kusan amp 20 zai riƙa ja daga batirinka. Tsaya a wat 25 ko 30, ka rage sautin kwamfuta har ma'aunin ALC, mai nuna sauti ya yi wa rediyo yawa, ya daina motsi, ka sa ƙaramar fanka a baya. Masu alamar kira ta 5N, wato ta Najeriya, ba su da yawa a iska, da ka yi CQ, wato kiran duk mai saurare, Turawa za su yi maka caa.

Bamaraɗe:
Gaskiya Baba ya faɗa, amma ni Digirig na zaɓa, don yana haɗa sauti da umarnin CI-V a akwati ɗaya ɗan mitsitsi. Kuma in batir ne damuwarka, duba ƙaramin rediyon QDX na kamfanin QRP Labs: wat 5 ne, na'urar sautinsa na ciki, cinsa bai taka kara ya karya ba. Amma ba ya murya, ba ya PSK31, wata hanyar hira da rubutu ta rediyo.

Wani abu da ya ci mini sati guda a nan Maraɗi: ina ganin sigina reras a WSJT-X, manhajar da ake FT8 da ita, amma ko layi ɗaya ba ya fitowa. Ashe agogon kwamfutata ne ya yi gaba da sakan uku, ga shi ba kullum nake da intanet ba. Sai da na sa ɗan GPS na USB yana saita agogon abin ya warware.

Tsohon Injiniya:
Haka ne. Ɗana, ka kuma nemi zoben ferayit, mai hana siginar rediyo bin waya, ka naɗa wayar USB a ciki sau huɗu ko biyar. In ba haka ba, kana fara turawa kwamfuta za ta ce ba ta ga na'urar ba.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri, Baba, kai ma ɗan'uwa na gode. Na fasa sayarwa, Digirig zan nema tare da wayar IC-718. Jiya na kashe inbatan gidana na bar rediyo a batir kaɗai, ƙarar ta ragu sosai, ashe rabinta daga ɗakina take. Zoben nan, wanda ake cirowa daga wayar tsohuwar firinta zai yi, ko sai babba?