Waɗanda suka mayar da bas ɗakin kwana don cin kasuwannin ƙauye, ku faɗa mana abin da kuka gani

Mai yadi, daga wajen Ringim

Assalamu alaikum. Shekarata tara ina cin kasuwannin mako da yadi da atamfa. Lahadi ina Gujungu, Litinin Shuwarin, Alhamis Maigatari, Juma'a in sauka Wudil, a tsakani kuma in shiga Kantin Kwari in yi sari. Da can duk inda na ci kasuwa gida nake komowa in kwana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin ya daina fita, ribar yini sai ta ƙare a tanki. Yanzu Allah ya hore mini Hayis 'yar Kwatano mai injin dizal 5L, kuma na ƙudura in cire kujerun baya, in yi gado da wurin kaya, in riƙa kwana a inda dare ya same ni.

Na ga irin na Turawa a waya, mota da kicin da banɗaki da komai. Ba ita nake nema ba. Wurin da zan miƙe bayana nake so, in dafa shayi, in yi cajin waya, kayana kuma su kwana a kulle. Wanda ya taɓa yi, ko ya ga an yi, don Allah ya gaya mini abin da ya same shi, mai daɗi da mara daɗi, kafin in kai ta wajen mai walda.

Tsohon ɗan tireda, Gumel

Wa alaikumus salam. Alhaji, bari in riga kowa, domin abin da zan faɗa maganar rai ce.

Hunturun da ya wuce na uku, daren Laraba, muka isa Maigatari ni da yarona don mu riski kasuwa da asuba. Sanyin daren nan har cikin ƙashi. Muka dafa shayi a kurfoti a waje, da muka gama sai na ga garwashin ya yi jajir, babu hayaƙi ko kaɗan, na ce mu shigar da shi mota mu ji ɗumi. Muka ɗage gilasai, muka ja ƙofa, muka lulluɓa. Wajen ƙarfe biyu na farka kaina kamar ana sara da gatari, zuciyata tana tashi. Na yunƙura in tashi, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na kira yaron sau uku bai amsa ba. Da rarrafe na kai hannu ga mariƙin ƙofa, na zame ta, na faɗo ƙasa a kan yashi. Masu gadin kara su suka ji faɗuwata, suka jawo shi waje, jikinsa ya saki kamar tsumma. Allah ya yi da sauran kwanansa. Da aka duba mu, likita ya ce gawayi yana fitar da wata iskar guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. Mai barci ba ya jin shigarta.

Har yau in na tuna yaron nan amana ce aka ba ni, jikina sanyi yake yi. Kada wuta kowace iri ta kwana da kai a cikin mota. Haka janareto, haka barin inji yana aiki kana barci, duk iskar ɗaya ce. In sanyi ne, sayi bargo biyu.

Bakanike, Wudil

Allah ya ƙara kiyayewa, Baba. Mun taɓa jin irin wannan da janareto a shago.

Alhaji mai yadi, ni ta fannin inji zan zo maka, tunda Hayis ita ce abincina. 5L inji ne mai haƙuri, amma bel ne ke juya masa lokaci, ba sarƙa ba irin na 2TR mai fetur. Kamfani ya ce a sauya shi a kilomita 100,000, har fitila ce da shi a dashbod mai rubutun T-BELT. Motar Kwatano ba ka san wanda ya hau ta ba, ba ka san ko an taɓa mita ba. Ka sauya shi yanzu, tare da tayoyin da yake bi a kai, ka rubuta lambar mita a littafi. In ya tsinke kana tafiya, fistin da bawul ne za su yi karo, aikin kuma ya tashi daga kuɗin bel ya koma kuɗin sauke inji.

Sai ruwan lagireto. Motocin 'yan kasuwa da yawa da ake kawo mini, in na buɗe sai in tarar da jan laka da farin gishiri sun toshe hanyoyin, domin ruwan rijiya da na burtsatse ake ɗurawa. Sayi ruwan lagireto na galan, ka ajiye ragowar a mota. In ta tafasa, kada ka buɗe murfin da zafinta. Injin yana ƙarƙashin kujerar gaba ne, tururin fuskarka zai nufa. Na ga wanda ya ƙone tun daga haɓa har ƙirji a kan haka. Da hunturu kuma duk sati ka zare filtar iska ka kakkaɓe, ƙurar burji ba ta da wasa.

Amma abin da ya fi kashe motocin da aka mayar ɗaki shi ne nauyi. Mutum zai cire kujeru ya ce ya rage kaya, sai mai walda ya zuba masa ƙarfe mai kauri, kafinta ya kawo katako kamar zai yi gadon amarya, a ɗora dilolin yadi, a ƙara jarkoki. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ba a ma sa nauyin jarkar ba. Wata uku sai ka ga sifirin ya kwanta, birki yana ƙauri a gangara. Ka sa a yi maka firam da siririn bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, a shimfiɗa filawud, a ɗaure shi da noti a ramukan da aka cire kujeru. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, ba a wutsiya ba, ba a kan rufi ba.

Direban haya, Gezawa

Oga bakanike, ka manta taya. Ni sau biyu 'yar Kwatano ta fashe mini a cikin bazara, zanenta kuwa kamar sabuwa. Daga baya aka nuna mini lambobi huɗu a gefenta: in ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019 aka yi ta. Tawa ta haura shekara takwas. Kuma a nemi mai harafin C, kamar 195R15C, ita ce ta ɗaukar kaya. Ta ƙaramar mota ba za ta jure dilolin yadi a kan kwaltar watan Afrilu ba.

Bakanike, Wudil

Gaskiyarka. Har safaya a duba, ita ce aka fi mantawa da ita sai ranar buƙata.

Uwar 'ya'ya, daga wajen Auyo

Ƙanena mai yadi, ni ban iya tuƙi ba, amma maigidana yana bin girbin shinkafa da injin casa a fadamun Haɗeja, kuma yakan yi mako biyu yana kwana a bas ɗinsa. Ni nake shirya masa kaya, ni nake jinyarsa in ya dawo, don haka ina da abin faɗa.

Shekarar farko zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi sau uku. In ya rufe gilas zafi ya hana shi barci, in ya buɗe sauro ya cinye shi, ga hayaƙin maganin sauro na kunnawa yana sa shi tari. Da kaina na ɗauki tsohon gidan sauro na yanka daidai tagogi biyu masu kallon juna, tela ya kafa masa bakin yadi, muka sa maganaɗisu irin na tsohuwar sifika a kusurwoyi yadda zai manne a jikin ƙarfe ta waje. Iska tana ratsawa, sauro ba ya shiga. A kan gadon kuma ya ɗaura wani gidan sauron cikakke. Tun daga nan sau ɗaya ya kwanta.

Abinci kuwa, kada ka dogara da na tasha kullum, cikinka zai gaya maka. Ina haɗa masa garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yajin daddawa, soyayyen manja da albasa a kwalba, dambun nama in da hali, da garin kunun tsamiya. Duk ba sa lalacewa da wuri. Yana da ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3, a waje yake girki, bayan mota inda iska ba ta bugawa, ya kashe ta daga kan tukunyar kafin ya mayar. Kai da kake kwana da atamfa da leshi, tartsatsi ɗaya ya ishe ka asara.

Kuma don Allah ka riƙa kiran gida kowane dare ka faɗi garin da ka sauka. Mu da muke zaune a gida mu ma ba barcin muke yi ba.

Mai haɗa sola, Kazaure

Hajiya ta gama magana a kan iska. Ni na haɗa wa mutum huɗu wuta a bas, biyu daga ciki sai da suka fara yin kuskuren nan: suka ja fanka da fitila daga batirin mota, asuba ta yi aka murɗa makulli shiru, ga dizal ba ya tashi da raunin batir, ga yashi ba a turi. Batirin kwana daban, na tayar da mota daban.

Ga lissafin da nake yi musu. Batir mai 100Ah a kan bolt 12 yana riƙe wajen wat 1,200 na awa guda. In irin na ruwa ne ko na jel, rabi kawai za ka ci, wato 600, in kana so ya yi shekaru. Fanka ta DC mai wat 20 in ta yi awa takwas ta ci 160. Ƙwan fitila biyu masu wat 5, awa huɗu, 40 ke nan. Cajin waya biyu da POS ba su kai 50 ba. Ka ga ko rabin abin da aka yarda ka ci ba ka kai ba. Faranti ɗaya mai wat 200 a kan rufi, da kwantirola a tsakani, zai mayar maka da wannan kafin azahar, muddin kana goge masa ƙura. Ba ka buƙatar inbata sai in ka ce firji ko dutsen guga, kuma ban ba ka shawararsu ba.

Abu ɗaya da ba na sassautawa: fis a jikin wayar wuta, dab da kan batir. Wayar da ta goge da ƙarfen mota ba tare da fis ba, ja take yi kamar wayar hita. Duk inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba.

Dattijo, tsohon direban lodi, Taura

Yara sun faɗi na inji da na wuta. Ni shekara talatin da ɗoriya na yi a kan hanya, abin da zan ƙara shi ne wurin kwana.

Ɗana, kada ka ga wuri shiru a bayan gari ka ce nan ya fi. Baƙuwar mota mai labule a tsaye cikin duhu, a wannan zamani, tsoro take ba mutane, kuma suna da gaskiya. Wani abokin aikina 'yan sintiri sun kewaye shi da tsakar dare a wani ƙauye, da ƙyar aka fahimci juna, don kawai bai yi sallama da kowa ba. Ni in na isa gari kafin magariba, masallaci nake fara nufa. In an idar in gaisa da liman, in tambayi gidan mai unguwa ko sarkin kasuwa, in faɗi sunana da garinmu da sana'ata, in ce ga motata, ina zan ajiye. Ba a taɓa hana ni ba. Sau da yawa ma tuwo ake aiko mini. Mai gadi ka ba shi na goro, ka karɓi lambarsa. Ka juya hancin motar ya kalli hanyar fita, makulli kuma ya kwana a aljihunka. Gilas kada ka manna masa baƙar leda, wannan sai da izinin 'yan sanda, kuma za ka sha tsayarwa. Labulen da za ka zuge da rana ya wadatar. Takardun mota da rasiɗin kayanka su zauna wuri guda a leda.

Sai yashi. Ƙasarmu sunanta Jigawa, ba a banza ba. Hayis da tayoyin baya take ja, in ta kafe kana ƙara taka totur ƙara binne kanta take yi. Sauka ka rage iskar tayoyin baya, ka tone gabansu, ka shimfiɗa karan dawa ko tsohuwar tabarma, ka ɗaga da giya ta biyu a hankali. Don haka shebur, igiya mai ƙarfi, guntun katako na ɗora jak da famfon ba da iska kada su bar motar. Da damina kuwa, wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da Auyo da Haɗeja ya san yadda hanya take ɓacewa a dare ɗaya. In ruwa ya hau hanya, tsaya ka ga wata motar ta ƙetare tukuna, ko ka shiga da ƙafa ka auna. Dizal in ya zuƙi ruwa nan take yake bugawa. Kada kuma ka kwana a ƙarƙashin tsohuwar bishiya ko a kwari in hadari ya haɗu a gabas.

Direban haya, Gezawa

Baba, a nan kaɗai zan ɗan saɓa maka: wasu kasuwannin gidan mai da ke da mai gadi da fitila ya fi mini cikin gari, musamman in na iso bayan isha, lokacin da ba a buga wa dattawa ƙofa.

Dattijo, tsohon direban lodi, Taura

Haka ne, in dare ya yi. Amma ka nemi izinin manajan, kuma ba a kunna ko ashana a wurin.

Mai yadi, daga wajen Ringim

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa. Baba na Gumel, wallahi kurfoti yana cikin jerin abin da na rubuta zan saya, na soke shi yanzu. Na kira mai waldar na ce ya dakata da ƙarfen da ya yanko, siririn bututu za mu nema. Jibi Talata ba ni da kasuwa, zan kawo motar Wudil a sauya bel a wanke lagireto, Oga bakanike ka ajiye mini wuri da safe. Na duba tayoyin da tocila yanzun nan: uku 2021 ne, ɗaya ta baya 2016, safayar ma babu iska a cikinta. Hajiya, maganaɗisu nawa kika sa a kowace taga, kuma yana riƙewa in iskar hadari ta taso?