Java: jimillar kuɗin auduga ta fito da alamar ragi, sitirim kuma ya ƙi maimaituwa

Ɗan_Garuwa

Assalamu alaikum malamai. Ina rubuta ƙaramar manhaja da Java ta lissafin awon auduga na ƙungiyar manoma. Kowane `Manomi` yana da ƙauye, kilo, da kuɗinsa a sefa, duk `int`. Ina son adadi, jimilla, mafi ƙanƙanta, mafi girma da matsakaici. Ga abin da na rubuta, `jeri` shi ne jerin manoman:

```
IntStream s = jeri.stream().mapToInt(Manomi::getKudi);
int jimilla = s.sum();
double matsakaici = s.average().getAsDouble();
```

Layi na uku yana ba ni `IllegalStateException`. Da na cire shi na gwada da manoma 10,000, kowa sefa 250,000, sai jimilla ta fito -1,794,967,296. Ina matsalar take?

Injiniya_Ngawundere

Wa alaikumus salam ƙanena. Matsala biyu ce, ba su da alaƙa da juna.

Sitirim ba rumbu ba ne, magudana ce: ruwan da ya wuce ya wuce. `sum()`, `average()`, `max()`, `count()` duk ayyukan rufewa ne, kana kiran ɗaya sitirim ɗin ya mutu. Ko ka buɗe sabo kowane lokaci ka zagaya jerin sau biyar, ko ka yi amfani da abin da aka tanada tun Java 8 a 2014:

```
LongSummaryStatistics k = jeri.stream()
    .mapToLong(Manomi::getKudi)
    .summaryStatistics();
```

Zagaye ɗaya ne, sai ka ɗebi `getCount()`, `getSum()`, `getMin()`, `getMax()`, `getAverage()` yadda kake so.

Maganar ragi kuwa, `int` ba ya wuce 2,147,483,647. Jimillarka ta gaskiya 2,500,000,000 ce, ta tsallake iyaka, sai ta kewayo ta baya: cire 4,294,967,296 daga cikinta ka ga lambar da ka samu daidai. Java ba ta ce maka uffan idan haka ta faru, abin da ya sa yake da haɗari ke nan. `IntStream.sum()` `int` yake mayarwa, amma `IntSummaryStatistics.getSum()` `long` ne, don haka ko da `mapToInt` ɗin ka tsaya da ka tsira a nan. Duk da haka shawarata ka mayar da filin kuɗi `long` tun daga ajin. Sefa kuɗi ne mai yawan sifiri, biliyan biyu ba wani abu ba ne a kakar auduga ta yanki guda.

Kada kuma wani ya ce maka ka koma `double` don kuɗi. A can 0.1 + 0.2 tana ba da 0.30000000000000004. Mu da ba ma ciniki da santim, ba mu da dalilin shiga wannan rigima.

Malama_Marwa

Abin da Injiniya ya faɗa haka yake. Bari in ƙara inda mutane suka fi faɗawa: jerin da babu komai ciki.

A ce ka tace da `filter` kana neman manoman ƙauyen da ba su kawo awo ba tukuna. `average()` na `IntStream` zai ba ka `OptionalDouble` fanko, `getAsDouble()` ɗinka kuma ya jefa `NoSuchElementException`. Wannan ma da sauƙi, ya yi ƙara ka ji. Na `summaryStatistics()` shi ne mai shiru: `getAverage()` ya ce 0.0, `getMin()` ya ba ka lamba mafi girma da nau'in ke ɗauka, `getMax()` ya ba ka mafi ƙanƙanta. Sai ka buga takarda wadda ta ce ƙaramin biya 9,223,372,036,854,775,807 ne. Duba `getCount() > 0` kafin ka nuna komai.

Tunda ƙungiya ce, gobe za su ce su ƙauye-ƙauye suke so:

```
Map<String, LongSummaryStatistics> m = jeri.stream()
    .collect(Collectors.groupingBy(Manomi::getKauye,
        Collectors.summarizingLong(Manomi::getKudi)));
```

Abu biyu ke ɓata wannan. Manomi ɗaya da aka bar ƙauyensa `null` ya isa ya kawo `NullPointerException`. Sannan rubutun sunaye a wajenmu: wani magatakarda ya rubuta Figuil irin na Faransanci, wani Figil, wani ya sa ƙaramin baƙi ko ya bar fili a ƙarshe, sai gari ɗaya ya rabu uku. `trim()` da `toUpperCase()` suna maganin fili da baƙi kawai. Ka ba kowane ƙauye lambarsa, ka tara da lambar.

Ɗan_Garuwa

Allah ya saka da alheri, Yaya Injiniya da Malama, ya yi aiki. Amma shugabannin ƙungiya sun ce matsakaicin kilo bai yi kama da abin da yawancin manoma ke kawowa ba. Akwai kuskure ne?

Abba_Njamena

Babu kuskure ɗan'uwa, ma'aunin ne bai dace da tambayarsu ba. Ɗauki awo biyar: 400, 450, 500, 550, 6,000. Jimilla 7,900, matsakaici 1,580, alhali huɗu cikin biyar ba su kai 600 ba. Babban manomi ɗaya ya ja kowa sama. Abin da suke nema lambar tsakiya ce, wato 500, ita kuma ba ta cikin `summaryStatistics()`, domin sai an jera lambobin duka kafin a san ta:

```
int n = jeri.size();
double tsakiya = jeri.stream()
    .mapToInt(Manomi::getKilo).sorted()
    .skip((n - 1) / 2).limit(2 - n % 2)
    .average().orElse(Double.NaN);
```

Idan `n` mara ce ya ɗauki guda ta tsakiya, idan cika ce ya ɗauki biyu ya raba. Lura: in ka sa `filter`, `n` ya zama adadin bayan tacewa, ba `jeri.size()` ba. `sorted()` kuma yana riƙe komai a ƙwaƙwalwa. Dubu goma ba damuwa.

In sun nemi ma'aunin warwatsuwa (standard deviation), wato yadda awon ke nesa da matsakaici, yi zagaye biyu: samo matsakaici `a`, sannan `mapToDouble(x -> (x.getKilo() - a) * (x.getKilo() - a)).sum()`, raba da `n`, ko `n - 1` in samfuri ne ka ɗiba, ka ɗauki `Math.sqrt`. Kada ka ninka `int` da kansa kai tsaye, daga 46,341 ya riga ya tsallake iyaka.

`parallelStream()` kuma, mai raba aikin sitirim kashi-kashi a yi shi lokaci guda, ƙyale shi, a wannan girman wahalar rabon aikin ta fi ribar. In a waya manhajar za ta zauna, ka sani `java.util.stream` daga Android 7.0 ya fara. Wayoyin da suka girme shi sai ka kunna `coreLibraryDesugaring` a Gradle, kayan haɗa manhajar.