Gud Furaide da Hausa, me zan rubuta a takardar sanarwa?

Jama'a ku taimake ni da shawara. An ba ni aikin rubuta sanarwar makon Ista a majami'armu ta Hausa a nan Billiri, ina zuwa kan ranar Juma'a sai na tsaya cak. A baki kowa Gud Furaide yake cewa, har tsofaffin da ba su ji turanci ba, amma in za a rubuta da Hausa fa?

Na fara sa Juma'a Mai Kyau don haka na saba ji ana fassarawa. Da na karanta wa Mama sai ta ce wane kyau kuma, ranar da aka yi wa Yesu bulala, aka sa masa rawanin ƙaya, Bilatus ya wanke hannunsa ya miƙa shi, aka kafa shi da ƙusoshi a Golgota tsakanin 'yan fashi 2? Ta yi gaskiya, mai kyau a kunnen Bahaushe kamar ranar biki ne. Ashe ma gud ɗin nan a tsohon turanci tsarki yake nufi, mu ne muka ɗauko shi a baibai.

To sai Juma'a Mai Tsarki, yadda mutanen Faransa ke kiranta. Ba laifi, sai dai a ƙasarmu maƙwabtanmu Musulmi kowace Juma'a mai daraja ce a wurinsu, in ka faɗa a kasuwar Gombe ba wanda zai gane wata rana ɗaya a shekara kake nufi. Kiristocin Larabawa kuma Babbar Juma'a suke cewa, ita ma ba ta faɗi abin da ya faru ba.

Wani ɗan'uwa daga Kaltungo ya kawo Juma'ar Fansa, gaskiya wannan ta taɓa ni sosai, har na kwana ina juya ta. Domin ma'anar gicciyen kenan a bangaskiyarmu, ba tausayin wani bawan Allah da aka zalunta kawai muke yi ba. Markus 10:45 ya ce Yesu ya zo ne ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa, Ishaya 53 kuma tun da daɗewa ya ce saboda laifofinmu aka yi masa rauni, kuma kakanninmu sun san fansa, bawa kan fita hannun ubangidansa in an biya, yau ma wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa ya san nauyin kuɗin fansa, ba sai an yi masa wa'azi ba. Mu ne a ɗaure cikin zunubi, shi ya biya da jininsa, shi ya sa labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa, hanya zuwa wurin Allah ta buɗe.

Amma Baba Fasto ya ja kunnena. Ya ce ɗana, ka manta da ɗaukar fansa? A yankin da aka sha rikici, ka manna takarda a ƙofar coci an rubuta Juma'ar Fansa, wani mai wucewa zai karanta ramuwa, alhali wanda muke tunawa a kan gicciyen ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Jikina ya yi sanyi, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Don haka ni dai na tsaya a kan Juma'ar Gicciye. Gicciye kalmarmu ce, tana cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, tana cikin waƙoƙin da zumuntar mata ke rerawa, yaro ma ya san ta, wanda bai yarda an gicciye Yesu ba ma zai gane ranar da muke nufi. A ƙarƙashi da ƙananan haruffa zan sa: ranar da Almasihu ya mutu domin zunubanmu. Sujada daga ƙarfe 12 na rana zuwa ƙarfe 3, sa'o'in da duhu ya rufe ƙasa.

'Yan Tafawa Balewa da Bogoro, yaya kuke rubutawa a naku? Ku faɗa min kafin Laraba, ranar zan kai wa mai buga takarda.