Waɗanda suka yi gini a sabon fili a Legas, me kuka tarar a ƙasar?

Baban Sadiya, Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Ina cinikin fuloti ɗaya a bayan Ikorodu, nufina in ɗora bene na haya. Mai zanen ginin ya ce ba zai kai takarduna LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jihar Legas, neman izini ba sai an yi gwajin ƙasa, wai kuma in binciki abin da ake yi a wurin a da. Maƙwabta sun ce 'yan gwangwan ne suka daɗe a ciki. Ni dai a ganina ƙarfe ne, a kwashe a share. Ko dai kuɗina ake son ci?

Na Alaba Rago:
Wa alaikumus salam. Alhaji, shekara 14 na yi a wannan sana'a, don haka ka saurare ni. Ba ƙarfe kaɗai muke saye ba. Tsohon batirin mota da gatari muke fasa shi, ruwan a tuttular a ƙasa, a zare dalmar a sayar, wasu ma a nan suke narka ta. Baƙin man inji shi ma ƙasa yake sha. A filin da muka zauna ko ciyawa ba ta fitowa, mu kuwa har murna muke an hutar da mu nome ta. Allah Ya yafe mana.

Dalma ba ta ruɓewa. Ka tuna Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yaro mai rarrafe ta fi kamawa, don hannunsa daga ƙasa sai baki. Maganin da aka yi a can shi ne kankare saman ƙasar gidajen, aka zuba sabuwa. Kai kuma masu iyali za ka zuba a gidan.

Injiniyan Obalende:
Gaskiya ya faɗa, sai dai a raba abu biyu. Gwajin da ake nema don izinin bene na ƙarfin ƙasa ne: a haƙa a ga ko za ta ɗauki nauyi, a san irin harsashin da ya dace. Ba ya nuna guba ko kaɗan. Na guba daban ake ɗibar ƙasa da ruwa a kai ɗakin gwaji, kuma sai ka ce a yi. Cikakken rahoton tasirin aiki ga muhalli, wanda dokar 1992 ta tanada, manyan ayyuka ya fi shafa, irin masana'anta da babban rukunin gidaje. Su dokokin nan ma sai bayan da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 aka farka aka yi su. A matakin jiha LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, ce mai wannan fanni.

Na taɓa karɓar aiki wajen Ajah, fili shar da farin yashi. Da muka nutsa mita biyu sai ga leda da tsumma da wari, ashe juji ne aka rufe. Shara tana ruɓewa tana lotsawa, tana kuma fitar da iskar gas, irin wadda ke rura wutar jujin Olusosun. Dole aka koma turakun kankare, harsashi kaɗai ya cinye kuɗin hawa guda.

Hajiya Maman Walid:
Mu ruwa ne ya ba mu kashi. Wajen Ipaja muka gina, muka haƙa burtsatse, ruwan ya fito yana warin fetur. Sai daga baya muka ji labarin rijiyoyin unguwar Baruwa, da mai ya gurɓata tun shekarun 1990. Yau shekara shida ke nan ruwan 'yan garuwa muke saye. Alhaji, ka ɗebo ruwan rijiyar maƙwabta ka shinshina da kanka, ka kuma tambaya ko bututun mai ya ratsa kusa. Tun fashewar Abule Ado a Maris 2020 ba na barci sosai.

Mai Tumatir, Mile 12:
Ni fa na gina nawa ba gwajin komai, ga mu lafiya lau. Tsoro ya yi yawa.

Na Alaba Rago:
Yayana, gonar rogo ka saya. Ba mu taɓa zama a naka ba.

Malam na Idi-Araba:
In akwai tsohuwar rumfa mai rufin asbestos, kada yara su farfasa ta da guduma. Mu mun yi haka, ƙura ta turnuƙe gida, daga baya likita ya ce ita ce mai lalata huhu. A jiƙa da ruwa, a sauke ɗai-ɗai. Sannan shadda ta yi nesa da rijiya, kamar mita 30 in fili ya ba da dama, don ruwan Legas a kusa yake.

Baban Sadiya, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Jiya na koma na zagaya. A kusurwar gabas na tona da sanda, sai ga fasassun kwanson batir, ƙasar ta yi fari-fari kamar toka. Na ce wa mai filin ba zan cika kuɗi ba sai sakamako ya fito, ya ce akwai wani mai saye a ƙasa. Injiniya, daga wuri nawa ya kamata a ɗebi ƙasar, kuma zurfin nawa?