Abin da ya karya Alhajinmu a 1984 shi ya karya ni a 2023: duniya zagaye take yi ne?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, na rasa wanda zan faɗa wa a gida, shi ya sa na kawo shi nan.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan Kantin Kwari ne, atamfa yake sayarwa dila-dila. Manyan masu ɗaukar kayansa 'yan Nijar ne, musamman wani bawan Allah daga Damagaram da yake ɗiban kaya bashi, in ya sayar ya kawo kuɗi. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta sauya launin naira, ta rufe iyakoki, ta ba mutane wa'adin da bai kai mako biyu ba su kai tsofaffin kuɗi banki. Mutumin nan yana can tsallaken iyaka riƙe da jaka cike da 'yan Murtala, kuɗin Alhaji, ba hanyar shigowa. Wa'adi ya cika, kuɗi suka zama takarda. Shago ya tafi, aka sayar da gidanmu na cikin gari muka koma haya a Kurna, Alhaji ya ƙare rayuwarsa yana dillanci a bakin shagon wanda da yaronsa ne. Ina da shekara biyu a lokacin, shi kuma an ce yana da 41. Haka muka taso muna jin labarin.

Ni ma Kwari na taso, daga ɗaukar dila har Allah ya ba ni shagon shadda da leshi. Shekarar 2023 ta same ni da shekara 41 cif. Buhari ne a kan mulki, aka sake fasalin 200 da 500 da 1,000. Kun dai san abin da aka sha a Janairu da Fabrairu: tsohon kuɗi ba a karɓa, sabo ba a gani, a tura ta waya a ce ba sabis. Ban gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da Bazoum a watan Yuli, aka rufe iyakar Nijar, alhali rabin kayana suna hannun mutanen Maraɗi. Wanda yake ba ni kaya kuwa da dala yake lissafi, ita kuma ta tashi daga ɗari bakwai da wani abu ta haura 1,500. Farkon 2024 na miƙa mukullin shago, na sayar da filina na Rijiyar Zaki na biya wani abu daga cikin bashin. Yanzu tebur nake da shi a bakin shagon wani ƙanin abokina.

Shekaru ɗaya, kasuwa ɗaya, shugaba ɗaya, iyaka ɗaya. Ina da yaro ɗan shekara tara, in na dube shi sai gabana ya faɗi. Don Allah masu ilimi, shin rayuwa da tarihi da'ira suke yi, abin da ya samu uba sai ya zagayo kan ɗa? Ko ni ne nake haɗa abin da bai haɗu ba?

Tsohon Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗana. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da tarihi a sakandare, kuma duk ajin da na shiga sai an yi mini irin tambayarka, sai dai su a kan sarauta suke yi.

Kuma ba su yi laifi ba, don Kano ta iya maimaici. A 1963 gwamnatin Sardauna ta sa Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus, aka kai shi Azare. Ranar 9 ga Maris 2020 gwamnatin Ganduje ta tuɓe jikansa, mai sunansa, aka kai shi Loko sannan Awe a jihar Nasarawa. A 1981 Abubakar Rimi ya ƙirƙiri sababbin masarautu, ciki har da Gaya da Rano, ya kuma aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. Gari ya yamutse ranar 10 ga Yuli, aka kashe mai ba Rimi shawara, Dakta Bala Muhammad. Sabo Bakin Zuwo ya hau a 1983 ya soke masarautun. A 2019 Ganduje ya ƙirƙiri Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, a 2024 gwamnatin Abba Kabir ta soke dokar. In ka ja baya kuma, ga basasar Tukurawa da Yusufawa daga 1893, 'yan gida ɗaya, kowa na cewa shi ne da gadon.

Amma abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne, kada a ɗauka wani aljani ne yake juya ƙafar keke. Gari ɗaya ne, manya biyu a cikinsa: ɗaya yana da alƙalamin doka, ɗaya yana da zukatan mutane da shekaru ɗaruruwa a bayansa. Muddin haka abin yake, duk bayan 'yan shekaru sai sun yi karo, ko su waye. Ramin da ba a cike ba ne, duk damina sai ya tara ruwa. Ka kuma lura da inda labarin ya saɓa: Sanusi na farko bai koma gadon ba, a Wudil ya rasu a 1991. Sarki Alu da Turawa suka kama a 1903 a Lokoja ya cika. Jikan kuwa an maido shi a watan Mayun 2024. Masu son da'ira ba sa son a kawo wannan.

Naka ma haka ne. Kwari kasuwa ce da ta dogara da bashi da baki, da baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru, da kayan da ake saya da kuɗin waje. Duk ranar da aka taɓa iyaka ko aka taɓa naira, Kwari ce take fara jin jiki.

Abu Sumayya ya amsa:

Ɗan'uwa, ka yi hattara da wannan tunani, yana dab da camfi. Ba a gadon karayar arziki kamar yadda ake gadon gona. Allah ya ce a Ali Imrana, aya ta 140, waɗannan kwanaki yana jujjuya su ne a tsakanin mutane, kuma bayan Uhudu aka saukar da ita, ga waɗanda suka ci nasara a Badar. Jujjuyawa aka ce, ba a ce abin da ya samu uba dole ya samu ɗa ba. Ka daina kallon yaronka da wannan ido, ka yi masa addu'a. Allah ya warware maka.

Auwalu Mai POS ya amsa:

Yaya, ka yi haƙuri, ni dai zan faɗi gaskiya. Wace da'ira? Mutum ɗaya ne fa ya yi abin sau biyu. Ra'ayin da yake da shi a 1984 shi ya dawo da shi, har iyakar ma ai ya rufe a 2019. Mu muka sake zaɓo shi, har da ni, na kwana a layi.

Sannan kai abin da ya yi kama kawai ka tsinto. Tsakanin 1984 da 2023 an yi SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida, masaƙun Bompai da Sharaɗa sun mutu, kayan Sin sun cika kasuwa, duk ka tsallake su lafiya ko ba haka ba? Me ya sa ba ka lissafa shekarun da ba su yi kama ba? A Fabrairun nan da kake kuka da shi akwai waɗanda suka yi gida da cajin cire kuɗi. Ba ni ba dai, kar a zo a kama ni.

Wani malami a unguwarmu yana yawan kawo maganar Ibn Khaldun, wai darajar gida ba ta cika wuce mutum huɗu ba: mai ginawa, ɗansa da ya ga yadda aka gina, jika mai kwaikwayo, na huɗu ya rushe. Na ce masa Malam lissafa mini: Alhassan Ɗantata, Sanusi Ɗantata, Hajiya Mariya, na huɗun wane ne? Aliko Ɗangote. Har yau bai ba ni amsa ba.

Maman Ikram ta amsa:

Sannu Malam, Allah ya kawo mafita. Ni ban san tarihin sarakuna ba, amma akwai wata da'irar da ban ga kowa ya ambata ba, don a cikin ɗaki ake yin ta.

Kakata ta sayar da tasoshinta na jere lokacin da kakanmu ya karye a harkar gyaɗa. Mahaifiyata ta sayar da gadonta da keken ɗinki lokacin da aka sallami babanmu daga masaƙa. Ni kuma bara na kai sarƙata da 'yan kunne kasuwar Rimi aka auna, aka biya kuɗin haya. Dukkanmu uku a ƙarshe muka ji labari, bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Maigida ya fita da farar shadda ya dawo da ledar nama, ashe bashi ne, kai kana zaune ba ka sani ba.

Ka ce kana da shekara biyu. To wa ya ba ka labarin 1984? In mahaifiyarka tana raye, je ka zauna ka tambaye ta. Labarin zaure daban, na tsakar gida daban.

Ɗan Kwari ya dawo:

Na gode muku duka. Baba Malam, maganar ramin nan ta zauna mini. Auwalu, Allah ya shirye ka, ka sa na yi dariya, rabona da ita an kwana biyu.

Maman Ikram, na bi shawararki. Ranar Juma'a bayan la'asar na je Kurna wajen Umma. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta kamawa, ba mu saba doguwar hira ba, sai da na yi ta kewaye-kewaye kafin na shigo da maganar.

Da na ce mata Alhaji yana da 41 lokacin, sai ta yi dariya ta ce wa ya ƙirga? Shi kansa bai san shekarar haihuwarsa ba, ranar da zai yi fasfon Makka aka yanka masa ita. Wannan 41 ɗin da na shekara biyu ina ɗauke da ita a ka kamar dutse, ashe wani ma'aikaci ne ya rubuta don ya cike takarda.

Sai babbar. Ta ce mutumin Damagaram bai ci kuɗin Alhaji ba. Da aka buɗe iyaka zamanin Babangida ya zo har gida da buhun dabino da sefa, ya biya fiye da rabi, ya yi ta kuka yana ba da haƙuri. Ita ta dafa masa abinci. Na ce to me ya kai shagon? Ta yi shiru, sannan ta ce kunya. Wai shekara biyu Alhaji ya yi yana ɓoye wa kowa cewa jari ya taɓu. Kwanukan tuwo goma sha biyu da ake fitarwa zaure kullum bai rage ko ɗaya ba. Ragon layya biyu bai koma ɗaya ba. Ya aurar da ƙannensa biyu a cikin shekarun, ya tsaya wa wani ɗan'uwansa aka ba shi kaya ya gudu Ikko, kuma ba ya rubuta bashin dangi don kada a ce ya yi rowa. Duk da kuɗin mutane ake wannan. Ta ce ranar da ta sani ita ce ranar da masu sayen gida suka shigo suna auna tsakar gida da taku, tana tsugune tana yi mini wanka. Labarin canjin kuɗi kuwa shi ne wanda ya fi sauƙin faɗa a zaure, sai aka bar shi a haka, ita ma ba ta taɓa gyarawa ba don mutuncinsa.

Ina jin ta ina lissafi a zuci. Wata takwas na yi ban gaya wa maiɗakina komai ba. Yara uku na bari a makarantar kuɗi har zango biyu da bashi. Na yi wa ƙanwata kayan ɗaki a tsakiyar abin. Motar da ya kamata in sayar tun Agusta sai da ta kai Janairu, don kada 'yan layinmu su gan ni a adaidaita. Akwai mutum huɗu cikin dangi da kayana a hannunsu, babu ko ɗaya a littafi.

Ban gaya wa Umma ko ɗaya daga cikin wannan ba. Da na tashi tafiya ta rako ni har soro, abin da ba ta saba yi ba, ta ce: "Kai, ranar sunan gidan Baffanku na ga matarka ba 'yan kunnenta na gwal. Ta san inda kuɗin suka tafi, ko ita ma sai masu auna gida sun shigo?"